Hannu a Kan Azara

Tartu, 9 ga Maris, 1998

Maret,

Ran 16 ga Oktoba, 1971, wajen ƙarfe huɗu na yamma, babanki ya tsaya a tsakar gidanmu na Savioja, a gaban Babanmu da maƙwabta bakwai masu bokiti a hannu, ya nuna ni da yatsa ya ce: "Ga ilimi nan. Abin da jahili ya gina ya shekara arba'in a tsaye, mai digiri ya ƙone shi a wuni ɗaya." Shekararki tara a lokacin, kina laɓe bayan rijiya. Mai yiwuwa kin manta. Ni ban manta ba, kuma tun ranar ƙafata ba ta sake taka gidan ba sai sau ɗaya, don jana'iza.

To, na sauke wannan, bari in yi abin da aka saba. Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya, ke da innarki Hilja. Wasiƙarki ta same ni. Na ji cewa ɓarin jikin babanki Endel na dama ya shanye tun watan Janairu, maganarsa ta ɗauke, kin kuma ɗauki hutu daga aikinki na asibitin Pärnu kin dawo gida jinyarsa. Allah ya sauƙaƙa. Ba na yi wa kowa fatan wannan, har shi.

Kin ce duk Asabar yana jan kujerarsa zuwa taga, ya zuba wa ɗakin surace, inda muke wankan tururi, ido yana buga sanda a ƙasa. Kin ce tun da ya sake gina ɗakin bayan gobarar ranar nan bai taɓa barin wani ya hura masa wuta ba, innarki kuma ta ce ita ko ashana ba za ta riƙe a wurin ba, shi ya sa kike so in zo. Ba zan zo ba. Amma na yi shekara biyar a Tallinn ina karanta yadda zafi ke tafiya a cikin dutse da ƙarfe, na yi talatin ina aiki da shi a masana'anta, yanzu kuwa ina zaune a rumfa ina gadin motocin yaran da ba su iya rubuta sunansu daidai ba. Gara ilimin ya yi wa wani amfani ko ta takarda ce. Ki karanta sau biyu.

Na farko, kafin ki taɓa ashana, ki hau benci ki ɗora tafin hannunki a kan azarar da ke saman murhun duwatsu. In kin ji ɗumi ko kaɗan, ki sauko ki ja ƙofa, ranar babu wanka. Ɗakin da ba shi da bututun hayaƙi rufinsa duk kunkunniya ce, kunkunniyar da ba ta huce ba kuwa tartsatsi ɗaya take jira.

Icen bishiyar lepp busasshe za ki sa, kada ki sa mai ƙaro. Ƙaramar wuta, kada harshenta ya wuce saman duwatsu. Ƙofa a buɗe, kafar hayaƙin da ke bango a buɗe. Awa shida za ki yi kina ƙara ice kaɗan-kaɗan, kuma ba a barin wurin a tafi tatsar saniya. In icen ƙarshe ya cinye, ki kwashe garwashin kaf a bokitin ƙarfe ki fitar. Ludayin ruwa na farko ba na mutum ba ne: ki watsa wa duwatsu ki fice, shi zai kori toka da gubar garwashi. Ki wanke bencina, ki rufe ƙofa da kafa, ki ba ɗakin awa guda ya nuna. In kin shiga idonki ya yi yaji, bai nuna ba, ki sake buɗewa.

Marar lafiya a bencin ƙasa zai zauna, ba na sama ba, kuma ki fara jin ta bakin likitansa. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin wannan.

In za ki shiga ki gaida ɗakin, in za ki fita ki yi masa godiya. Babu dalilin wannan a littafin da na karanta, amma ki yi.

Ki huta lafiya.
Baffanki,
Valdur

*

Savioja, 23 ga Maris, 1998

Baffa Valdur,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan sanyin Tartu bai matsa maka a rumfar nan ba. Wasiƙarka ta zo. Sakin layin farko na karanta a zuci, sauran na karanta wa Baba da ƙarfi. Da na zo wurin ɗora hannu a azara sai ya rufe ido. Inna kuwa ta tashi ta ce kaji ba su ci ba, alhali da hannuna na ba su.

Shekaranjiya Asabar na gwada. Na hau benci, na taɓa azara, sanyi ƙalau. Awa huɗun farko komai daidai, har na fara jin kaina wata ce. Sai na ga hayaƙi na fita ta kafar bango, na ce ai zafi ne ke tsiyayewa a banza, na tura 'yar murfin na rage ta. Baffa, ban san hayaƙi na da nauyi ba sai ranar. Ya sauko har gwiwata, na fito da rarrafe ina tari. Tsohon nan Osvald maƙwabcinmu yana jingine da shinge da lofe a bakinsa, ya ce:

"'Yar Endel, yau wa ake ƙyafewa, ke ko kifi?"

Na ce, "Kawu Osvald, in ka iya ka zo ka kama mini mana."

Ya ce, "Ni? Babanki ya rantse duk wanda ya taɓa masa murhu sai ya karya masa hannu. Hagunsa har yanzu da ƙarfi, na ga yadda yake riƙe sandar nan."

Na buɗe kafar, hayaƙi ya tashi, na ci gaba. Amma da na watsa ludayin farko sai na ji ƙara kamar an harba bindiga. Wani dutse ya fashe, ɓallinsa ya wuce ta gefen kunnena ya kafe a ƙofa. Da ɗakin ya huce na duba, duwatsun sama da yawa sun tsage, wasu in ka murza sai su zama yashi, gefe guda na murhun ma ya zauna. Ban yarda na kai Baba ba. Ya ga hayaƙi ta taga tun safe, ya sa Inna ta ciro masa farar rigarsa ta bayan wanka, ya ɗora a cinya yana jira. Da na shigo na ce masa ba yau ba, bai buga sanda ba. Da ya buga da ya fi mini sauƙi.

Likita ya ce zafi kaɗan ba zai cuce shi ba, watakila ma ya sassauta masa kafaɗar. Ni abin da nake gani shi ne ya rage cin abinci. Hutun da aka ba ni zai ƙare ƙarshen watan Yuni. Ka gaya mini yadda ake gyara duwatsun. In kuma ka ga takarda ba za ta iya ba, motar haya ta garin Võru tana nan kullum, ɗakinka na sama ma yana nan, tufa kawai Inna ke shanyawa a ciki.

Ka huta lafiya, Allah ya bar mana kai.
'Yarka,
Maret

*

Tartu, 5 ga Afrilu, 1998

Maret,

Bayan gaisuwa. Na rubuta miki kafar hayaƙi a buɗe, kika rufe. Jinin gidan ne, ba a gaya mana magana mu ji. Na gode wa Allah da kunnenki yana nan.

Ana sauke duwatsun murhu duk shekara, a wanke su, a zubar da waɗanda suka mutu. Da alama babanki ya kwana biyu ƙarfinsa bai kai ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Yadda ake gane mataccen dutse: ki ɗauki biyu ki gwara su. Mai rai yana amsawa da ƙara siririya, matacce kuwa sai ki ji kamar kin bugi burodi. Sababbi daga gefen gona ake tsinto su, baƙaƙe masu nauyi masu santsi. Kada ki ɗauki ja mai ƙyalli, shi ne ya nemi kunnenki. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, a bar wa wuta hanya a tsakani. Sai dai na ƙasan, masu riƙe bakin murhu, sun fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma jera su ba a koyonsa a wasiƙa. Ki nemi magini a garin Rõuge.

Kin yi mini tayin ɗakin sama. Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba, don kada ki ɗauka taurin kai ne kawai irin na tsofaffi. A tsohon ɗakin suracen nan aka haifi Endel, a nan aka haife ni. A nan aka wanke gawar Innarmu. Baba ya gina shi da gatarinsa kafin ya yi aure, kuma ya sha faɗa cewa daga kan bencin nan za a ɗauke shi zuwa maƙabarta. Ɗakin ya ƙone a watan Oktoba, Baba ya rasu a watan Fabrairu. A ɗakin girki aka wanke shi, a kan teburin da ake yanka kabeji. Ina tsaye a wurin, matan ƙauye suna wuce ni da ruwan zafi, babu wadda ta dube ni. Babanki yana iya buɗe baki a ranar ya ce wuta ƙaddara ce, ɗakin hayaƙi dama da wuya ya tsufa bai ƙone ba. Bai ce ba.

Ba gona nake nema ba, ba gado ba. Na bar masa duka ban tambaya ba. Kalma ɗaya na jira, ya ce: Valdur, abin da na faɗa a tsakar gida ban yi daidai ba. Na jira ta a jana'iza, na jira ta ranar aurenki da aka aiko mini da kati babu sa hannunsa, na jira ta lokacin da masana'anta ta rufe aka sallame mu da takardar yabo. Yanzu kin ce bakin ya rufe. To in zo in ji me?

Ki sa masa zuma a madara mai ɗumi. Tun muna yara in ya ƙi abinci wannan ba ya ƙi.

Ki gaida innarki.
Valdur

*

Savioja, 10 ga Mayu

Injiniya,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya kai da motocin mutane. Ni ce Hilja. Ka yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na yi, in ka ga kuskure ka gyara da jan biro yadda ka saba.

Maret ta bar wasiƙarka a kan tebur na karanta, ba ta sani ba. Wata guda ina juya abin. Maginin Rõuge ya zo ya duba ya ce shi murhun bulo ya iya, a sa bututu a huta. Endel ya jefe shi da kofi. Madara da zuma yana sha, wannan ka yi gaskiya, amma wandonsa yanzu sai na ɗaure masa da igiya.

Kana jiran magana daga bakin da ba ya buɗuwa. Nawa yana buɗuwa, har an ce ya yi yawa, to ka ji daga gare ni.

Makon da ɗakin ya ƙone mun yanka rago. Ba namu ba ne a takarda, na gandun gwamnati ne, mai kiwon ya rubuta cewa kerkeci ya ci, muka raba da shi. Ka san me ake yi wa mutum a kan haka a wancan zamani. Tun safiyar Alhamis muke ƙyafe naman a ɗakin surace, kwana biyu wuta ba ta mutu ba. Asabar da sassafe muka kwashe muka ɓoye a ramin dankali, na share toka, na wanke benci. Sai ga ka a motar rana, ba ka aiko ba, da jakarka da takalmi mai ƙyalli da katin jam'iyyar gwamnati a aljihu. Endel yana daji. Ka ce yau kai za ka hura wa Baba wuta. Ina tsaye a bakin rijiya na ga kana ɗibar ice. Na san rufin nan da zafi. Na buɗe baki na rufe. Na ce in na ce kada ka hura za ka ce don me, in na faɗi don me, ban san inda maganar za ta kwana ba. Tsoronka muke ji, Valdur, gaskiyar ke nan. Ƙanin mijina ne kai, na sha wanke maka riga, amma tun da ka karɓi katin nan muke rage murya in ka shigo.

Da Endel ya dawo ya tarar da wuta da mutane, ya dube ni, ya gane. Osvald ya fara cewa shi kam tun Alhamis yake ganin hayaƙi. Shi ne Endel ya juya kanka ya faɗi abin da ya faɗa, da ƙarfi, don kowa ya dube ka ya bar zancen hayaƙin Alhamis. Ni ya rufa wa asiri, da kai ya rufa. Daga baya gwamnatin ta tafi, tsoron ya tafi, kunya ta zauna. Sau nawa na ce ya rubuta maka, sai ya ce me zai ce.

Abin da ya iya shi ne wannan. Duwatsun Baba da suka tsira ya tone su daga toka ya sa a ƙasan sabon murhu. Kuma duk Asabar tsintsiyar ganye ta bugun jiki guda biyu yake jiƙawa, ya yi wanka da ɗaya, ɗayar in fitar da ita da safe ba a taɓa ba. Nakan ce masa, malam, bishiyoyin kask ɗin dajin nan kai kaɗai aka halitta wa?

Ni dai tun ranar ban sake riƙe ashana a ƙofar ɗakin ba. In kana da zagi ni ce mai shi, ka zo ka yi mini a gabana, na fi son haka da takarda. Ka taho da tsofaffin kaya, aikin dutse ne.

Ka huta lafiya.
Matar yayanka,
Hilja

*

Tartu, 24 ga Mayu, 1998

Hilja,

Ina amsa gaisuwarki. Ban sa jan biro ba, ko da yake hannuna ya yi ƙaiƙayi sau goma sha ɗaya.

Na karanta wasiƙarki a rumfa, har wani yaro mai jar mota ya yi ta danna mini ƙaho ban ɗaga masa sandar ƙofa ba. Kwana uku ina fushi, kuma fushin ya yi mini daɗi, don na daɗe ban samu sabo ba. A rana ta huɗu ya ƙare, ya bar ni da abin da ni ma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Kin wanke benci, kin share toka, amma ba a wanke ƙamshi. Ina tura ƙofar ɗakin nan na ji kitsen rago. A gidan aka haife ni, Hilja, kina tsammani ban san ƙamshin ɗakin da aka kwana biyu ana ƙyafe nama ba? Nan take na gane an yi, na gane an ɓoye, na kuma gane ni aka ɓoye wa. Na leƙo na gan ki a bakin rijiya kin yi fari fat. Na jira ki yi magana. Da kika yi shiru sai na ce a raina, to shi ke nan, tunda baƙo ne ni, bari in yi irin ta baƙo, wanda bai san komai ba.

Ban ɗora hannu a azara ba. Abin da Baba ya fara koya mana ke nan tun muna hawa kan bokiti kafin hannunmu ya kai, shi na fara rubuta wa Maret, shi ne kuma ban yi ba, don in na taɓa dole in sani. Na tsaya na yi lissafi a ka: kaurin gungume kaza, awa kaza tun da aka kashe wuta, zai ɗauka. Na ci jarrabawa da irin wannan lissafin. Awa uku ya ɗauka, sai rufin ya kama da wuta.

Saboda haka abin da Endel ya faɗa a tsakar gida, ko da wace niyya ya faɗa, bai yi ƙarya ba. Ina jin shi ya sa na kasa yafe masa.

Kada ki karanta masa wannan. Ni zan faɗa masa. Ganyen kask yana isa yanka mako guda kafin bikin Jaani na ƙarshen Yuni, lokacin ya yi ƙwari bai kuma fara tauri ba, kuma na tabbata babu wanda ya ɗaura muku tsintsiyar bana. Zan zo ran 17 ga Yuni a motar rana. Duwatsu kawai zan duba in ɗaura ganye in koma. Ki kwashe shanyarki daga ɗakina.

Sai na zo.
Valdur

*

Savioja, 12 ga Yuli, 1998

Maret 'yata,

Gaisuwa da fatan kin koma aiki lafiya. Kin tafi kin bar mu da murhu a wargaje a kan ciyawa, kin ce in rubuto miki yadda ta ƙare. Ga shi.

Kwana tara muka yi a kan duwatsun, ni da Osvald. Shi aikinsa ya zauna a kan kututture ya ce, "Injiniya, wannan a wane shafi yake?" Amma in an zo ɗaga babba yakan ajiye lofe. Na gwara su ɗaya bayan ɗaya, kusan rabi sun mutu. Na ƙasa guda biyar na Baba ne, na gane su kamar fuskar mutane, har da mai faɗin nan da Innarmu ke ɗora tukunyar ruwa. Huɗu sun amsa. Na biyar na daɗe ina bugunsa ina ba shi dama, sai Osvald ya ce, "Bar shi, ya yi aikinsa." Mun ajiye shi a bakin ƙofa, wurin sa ƙafa. Na kankare kunkunniyar rufi, na toshe tsakanin gungume da gansakuka, na ɗaura tsintsiya arba'in na rataye a inuwar rumbu.

Duk kwanakin nan ni da babanki ba mu wuce kallo ba. Kin ga yadda ya yi ranar da na iso, ya dube ni ya dubi takalmina ya juya ga taga. Haka muka ci gaba.

Jiya Asabar na ce zan hura. Tun safe babanki ya yi ta buga sanda har sai da muka ɗora shi a baro muka tura shi ƙofar ɗakin. Hilja ta ce, "Ga sufeto ya zo." Na shiga, na hau benci, na ɗora hannu a azara, na daɗe ban ɗauke ba. Da na sauko na ɗauki ashana sai ya maƙale mini ƙafa da sandar. Na matso. Ya kama wuyan hannuna da hagunsa, ya juya tafin sama, ya duba. Baƙi ƙirin. Ya sake ni ya gyaɗa kai. Sannan na ƙyasta.

Wajen ƙarfe biyar ɗakin ya nuna. Iskar ciki ta yi laushi, ba yaji ko kaɗan. Muka shigar da shi, ni da Osvald, muka zaunar da shi a bencin ƙasa, Osvald ya fita. Na gaida ɗakin a madadinmu mu biyu. Na zuba rabin ludayi, tururi ya tashi ya bi rufi ya sauko mana a kafaɗa, na ji ya ja dogon numfashi. Maret, yayana da yake ɗaga gungume shi kaɗai, yanzu ana ƙirga haƙarƙarinsa. Na jiƙa tsintsiya na fara bugunsa da ita daga tafin ƙafa yadda Baba ke yi mana, a hankali, har kafaɗar da ta mutu. Da na gama sai ya miƙa hannu ya ciro ta biyun daga ruwa, ya yi mini alama in juya. Da hagu ya yi, rabi a bayana rabi a bango. Ban gyara masa ba.

Kin san ba a kai rigima cikin ɗakin, don haka na bari sai da muka fito muna zaune a bencin waje, an lulluɓe shi da bargo, farar rigar nan a jikinsa. Na ce:

"Yaya, ranar nan na ji ƙamshin ragon. Na sani, na hura."

Bakinsa ya yi ta motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, na matsa kusa har ina jin numfashinsa. Babu abin da ya fito. Sai rabin fuskarsa mai rai ya murɗe, kafaɗarsa ta fara rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce. Ya ɗaga sanda ya sauke mini a ƙwauri, da gaske, har yanzu wurin a kumbure yake.

Hilja ta fito da tawul za ta shiga nata zagayen, ta ce, "Shekara ashirin da bakwai yana tanadin wannan, ka gode da hagu ya samu."

Da yamma ya ci dankali uku da kifi, ya nemi ƙari.

Na rubuta wa masu rumfar motoci cewa zan ƙara mako biyu. Ganyen da na ɗaura sai an riƙa juya shi, innarki kuma ba ta iya ba.

Ki kula da kanki.
Baffanki,
Valdur

*

Savioja, 15 ga Nuwamba, 1998

Maret,

Muna gaishe ki, mu uku. Na mayar da makullin ɗakin Tartu, littattafaina suna sama inda ake shanya. Dusar ƙanƙara ta fara sauka. Makon jiya mun ƙyafe rago, namu na halak, innarki ce ta ƙyasta ashana da hannunta, ni kuma na rubuta ranar da alli a jikin ƙofa don kowa ya gani. Asabar ɗin ba mu yi wanka ba, azara da sauran ɗumi. Babanki yana takawa zuwa ɗakin da kansa yanzu, da sanda da kafaɗata. In za ki zo Kirsimeti ki taho da ludayi sabo, namu ya tsage.

Allah ya kawo ki lafiya.
Valdur

Ƙarin bayani: mun kai babanki asibitin Võru ran Talata. Likita ya ce ƙafar za ta ƙara ƙarfi, hannun watakila. Maganar ba za ta dawo ba.